Gobarar Daji: Laifin Mai Ashana Ne Ko Na Sauyin Yanayi?

Tambaya: Malam, kusan kowace shekara sai mun ji a rediyo gobarar daji ta cinye garuruwa a Amurka ko Kanada ko Ostireliya, kuma sai a ce sauyin yanayi ne. Abin yana ɗaure mini kai. A nan wajenmu mun san masu cinna wa daji wuta: mafarauta, masu ɗibar zuma, wani lokaci manomi mai sharar gona. A can ma na ji an ce wayar lantarki ce ta tayar da wasu. To ina ruwan sauyin yanayi? Anya ba fakewa ake yi da guzuma a harbi karsana ba?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da ka ji game da wayar lantarki gaskiya ne. Gobarar da ta shafe garin Paradise a jihar Kalifoniya ranar 8 ga Nuwamban 2018, wadda ta kashe mutum 85 ta kuma ƙone gine-gine sama da 18,000, wata ƙugiyar ƙarfe ce sanadinta. Ƙugiyar tana riƙe da babbar wayar wuta a wani layi da ya kusa shekara 100 da kafawa. Ta yi ta gogayya shekara da shekaru har ta cinye, ran nan da sassafe ta tsinke, tartsatsi ya zuba a busasshiyar ciyawa. Kamfanin lantarki na PG&E mai layin ya amsa laifinsa a gaban kotu a 2020. Wani bincike da aka buga a 2017 ma ya nuna cewa kashi 84 cikin 100 na wutar dajin da aka yi fama da ita a Amurka daga 1992 zuwa 2012 mutane ne suka tayar da ita, ko da gangan ko da sakaci.

Sai dai tambaya biyu ce a cikin maganarka. Wa ya kunna wutar, wannan ɗaya. Me ya sa da aka kunna ta gagari kowa, wannan kuma daban. Tartsatsi yana faɗawa daji kullum ta Allah: guntun sigari, salansar mota, wutar da makiyayi ya dafa shayi ya tashi bai kashe ba. Yawancinsu sai su ci 'yan taku kaɗan su mutu, ko labarinsu ba a ji. Sauyin yanayi ba ya ƙyasta ashana. Abin da yake yi shi ne ya ƙara yawan ranakun da in tartsatsin ya faɗi ba zai mutu ba.

Don ka fahimci yadda hakan ke faruwa, dubi ɗanyen icce a murhu. Za ka ga ƙarshensa na waje yana kumfa yana huci, hayaƙi ya cika madafa, ana ta fifita wuta ta ƙi ruruwa. Dalili shi ne zafin yana ƙarewa wajen korar ruwan da ke cikin iccen, kuma icce ba ya kamawa sai ruwansa ya fita. Haka daji yake. Muddin ganye da ƙirare da ciyawa suna da laima, wuta tana shan wahala kafin ta matsa taku ɗaya, harshenta gajere, ana iya bugunta da ɗanyen reshe. Da zarar sun bushe ƙayau, duk ƙarfinta sai ya tafi ga cin gaba. Shi ya sa masu aikin kashe wutar daji a Amurka suka kasa makamashin daji gwargwadon saurin bushewarsa: akwai na awa 1, wato ciyawa da siraran ƙirare, akwai na awa 10, na awa 100, har na awa 1,000, wato manyan gungumen da suka faɗi. Ciyawa tana iya jiƙewa da raɓar asuba, kafin azahar ta koma abincin wuta. Gungume kuwa sai an yi makonni ana fari kafin cikinsa ya bushe. In ka ji malamin daji ya ce gungume sun bushe, to hankalinsa a tashe yake, domin wutar da ta samu gungume tana daɗewa, tana da zafi, kuma ita ce ke hawa har ƙololuwar itatuwa.

Mai busar da su kuwa iska ce. Akwai wata ƙa'ida da masana suka sani tun ƙarni na 19: duk digiri 1 na ma'aunin Salshiyas da iska ta ƙara zafi, tururin ruwan da za ta iya ɗauka yana ƙaruwa da wajen kashi 7 cikin 100. Iska mai zafi tana da ƙishirwa, kuma daga ƙasa da ganye da icce take zuƙo abin sha. Daga ƙarshen ƙarni na 19 zuwa yau duniya ta ƙara zafi da sama da digiri 1, a 2024 ma ƙarin ya kai wajen 1.5, saboda hayaƙin kwal da man fetur da gas da ya taru a sama yana tare zafi. Wannan lissafin na duniya ne baki ɗaya har da teku. A tudu ƙarin ya fi haka, Kanada kuwa tana ɗumama ninki biyu na saurin sauran duniya. Abin da mutane da yawa ba sa lura da shi ke nan: ko da ruwan sama bai ragu da ɗigo ɗaya ba, dajin zai fi bushewa, domin mai kwashe ruwan ya ƙara ƙarfi.

Kuma ƙaruwar wutar ba daidai take tafiya da ƙaruwar bushewar ba. Ƙarin bushewa kaɗan yana iya ninka filin da zai ƙone, domin wuta tana faɗaɗa ta kowane gefe, gwargwadon girmanta gwargwadon tsawon bakin da take ci da shi. Masana biyu, John Abatzoglou da Park Williams, sun yi lissafi a 2016 a kan dazuzzukan yammacin Amurka, suka gano cewa daga 1984 zuwa 2015 ɗumamar da ɗan'adam ya jawo ta kusa ninka filin da ya ƙone, ƙarin hekta miliyan 4.2. Wani binciken na 2015 ya nuna lokacin da yanayi ke dacewa da gobara ya ƙara tsawo da kusan kashi 19 cikin 100 a duniya tsakanin 1979 da 2013. A ƙasashen sanyi dusar ƙanƙara tana narkewa da wuri, ƙasa ta fito fili ta soma bushewa tun kafin lokacinta. A Kalifoniya matsalar a ƙarshen shekara take. Akwai busasshiyar iska mai ƙarfi da ke gangarowa daga tsaunuka wajen Oktoba zuwa Janairu, a kudu ana kiranta Santa Ana. A bisa al'ada ruwan farko yakan sauka ya jiƙa daji kafin ta yi nisa. In ruwan ya makara, iskar ta tarar da daji a bushe, sai abin da hali ya yi. Haka aka yi a Paradise: ga Nuwamba ta shiga, an shafe watanni ba ruwan kirki. Kafin harshen wutar ya iso garin, garwashin da iska ta ɗauko ya riga ya sauka a kan rufin gidaje da tarin busassun ganye, gari ya kama ta wurare da yawa lokaci guda, hanyoyin fita suka cunkushe da motoci.

Akwai wani abu da 'yan kwana-kwanan daji ke kuka da shi wanda ba ya fitowa a labarai, shi ne dare. A da dare abokin aikinsu ne. Rana ta faɗi, gari ya yi sanyi, raɓa ta sauka, wuta ta kwanta, su kuma su samu damar share mata hanya su kewaye ta. Yanzu a wurare da yawa daren ba ya sanyi kamar da, laima ba ta dawowa, wuta tana ci har gari ya waye. Ma'aikaci bai huta ba, ita ma ba ta huta ba.

Lytton ƙauye ne a yammacin Kanada, ƙasar da muka sani da ƙanƙara. Ranar 29 ga Yunin 2021 aka auna zafin digiri 49.6 a can, abin da ko Sakkwato a tsakiyar bazara ba ta saba gani ba. Kashegari wuta ta cinye kusan duk ƙauyen.

Amma in ana neman shekarar da ta fi fito da hannun sauyin yanayi fili, to 2023 ce a Kanada, domin a nan ba ka da mai ashana da za ka kama. Mafi yawan filin da ya ƙone tsawa ce ta kunna shi, can cikin dajin arewa inda ba kowa. A farkon Yuni, rana ɗaya tak, tsawa ta tayar da wuta sama da 100 a lardin Kebek. Kafin shekara ta ƙare an ƙone wajen hekta miliyan 15, wato girman jihar Kano sau bakwai, ya kuma haura ninki biyu na mafi munin shekarar da aka taɓa rubutawa a ƙasar. An kwashe mutane sama da 200,000 daga gidajensu, har da kusan dukan mazauna birnin Yellowknife a watan Agusta. Hayaƙin ya gangara kudu ya rufe birnin Niyu Yok, sararin sama ya koma ruwan goro da rana tsaka. Iskar kabon mai ɗumama duniya da wutar ta fitar a wannan shekarar ta fi wadda kowace ƙasa ke fitarwa daga mai da kwal a shekara, in ka cire Sin da Amurka da Indiya. A irin wannan daji ba itatuwa kaɗai ke ci ba. Ƙasar kanta ruɓaɓɓen tsiro ne da ya taru shekaru dubbai, in ta bushe tana ci a hankali ta ƙarƙashi. Wata wutar takan kwana a cikinta duk tsawon sanyi, dusar ƙanƙara a samanta, in bazara ta zo ta sake ɓullowa. To ka ga yadda abin ke zagayowa: zafi ya busar da daji, daji ya ƙone ya saki kabon, kabon ya ƙara zafi.

A Ostireliya kuma, 2019 ce shekarar da ta fi zafi kuma ta fi ƙarancin ruwa tun da aka fara rubuta lissafi, gobarar ƙarshen shekarar zuwa farkon 2020 ta biyo baya. Dajinsu na itacen turare ne, irin wanda ake shukawa a gandun dajinmu. Ganyensa mai ne da shi, ɓawonsa kuma yana saɓulewa dogo-dogo, iska ta ɗauke shi yana ci da wuta ta kai shi kilomita da yawa gaba. Wasu wutar sun yi girman da suka haɗa hadarin kansu: zafi ya tunkuɗa hayaƙi can ƙololuwar sama, ya zama gajimare, ya yi tsawa ba ruwa, tsawar ta kunna sabuwar wuta a wani wuri. Irin wannan ba jirgin yayyafi ba motar ruwa da za ta tunkare ta, sai dai a kwashe mutane a jira yanayi ya sauya. Mutum 33 wutar ta kashe kai tsaye, amma an ƙiyasta hayaƙinta ya yi ajalin sama da 400, yawancinsu a birane nesa da daji. Wannan ɓangaren na hayaƙi shi aka fi rainawa, alhali shi ya fi kisa.

Za ka ce, ta yaya aka san rabon sauyin yanayi a cikin gobara guda? Ana amfani da manhajar kwamfuta mai kwaikwayon yanayin duniya, a gwada duniya biyu: wadda muke ciki, da wadda ba a ƙara mata hayaƙin masana'antu ba. Sai a ƙirga sau nawa irin wannan zafi da bushewa da iska ke haɗuwa a kowacce. Ƙungiyar masana ta World Weather Attribution ta yi wannan lissafin ga Ostireliya ta ce haɗarin ya ƙaru da aƙalla kashi 30 cikin 100, ga gabashin Kanada a 2023 kuma ta ce ya ninka, ko ma fiye.

Yanzu ga inda nake ganin masu jingina komai ga sauyin yanayi suke zarce gona da iri. In ka tara duk filin da wuta ke ci a duniya a shekara, raguwa ya yi. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna ya ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu tsakanin 1998 da 2015. Dalili kuwa a ƙofar gidanmu yake. Wajen kashi 70 cikin 100 na filin da ke ƙonewa a duniya a Afirka yake, a dajin ciyawa irin namu, kuma wannan dajin gonaki da garuruwa da hanyoyi suna ta yanyanka shi, dabbobi suna kiwace sauran. Wuta ba ta samun shimfiɗar ciyawar da za ta yi gudu a kai kamar da. Abin da ya ƙaru shi ne wutar kurmi da manyan gobara masu tsanani, waɗanda wani bincike na 2024 ya nuna sun haura ninki biyu daga 2003 zuwa 2023. Duk wanda ya kawo maka ɗaya daga cikin lissafin nan biyu ya ɓoye ɗayan, akwai abin da yake son sayar maka.

Bambancin kurmi da dajin ciyawa shi ne mabuɗin fahimtar namu yankin. A kurmi makamashi a jibge yake kullum, bushewa kawai ake jira, don haka shekarar fari ita ce shekarar wuta. Dattawan zango a Kumasi za su ba ka labarin 1983, lokacin da fari ya busar da kurmin Gana, wuta ta bi gonakin koko da na abinci ta cinye, yunwa ta biyo baya. A sahel kuwa bushewa ba a nemanta, kowane rani tana zuwa. Abin da ake rasawa shi ne ciyawar. Shekarar fari ba abin da wuta za ta ci. Shekarar da damina ta yi albarka, ciyawa ta yi kauri a yankin makiyaya na Tawa da arewacin Maraɗi da Damagaram, ita ce shekarar da ake fargaba, domin da zarar iskar hunturu ta fara kaɗawa duk wannan arzikin ya zama makamashi, wuta ɗaya ta cinye abincin dabbobi na rani guda. Shi ya sa a Nijar ake ɗaukar mutane aikin share dogayen layuka a cikin daji bayan damina, a kwashe ciyawar tas don wuta in ta iso ta rasa abin kamawa. Tasirin sauyin yanayi a irin wannan wuri ta hanyar rikicewar ruwa yake zuwa: a yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, sannan a ɗauke ƙaf. Ko gobarar Los Anjelis ta Janairun 2025 haka ta faru. An yi shekara biyu a jere ana ruwa mai yawa, ciyawa da ƙananan itatuwa suka yi tofo, sannan daga Mayun 2024 ruwa ya ɗauke kusan gaba ɗaya, Santa Ana ta zo ta tarar da su a bushe. Gine-gine sama da 16,000 suka tafi.

Sannan akwai abubuwan da hannun mutum ya shuka waɗanda ba ruwansu da yanayi. Gamba, wadda muke saƙa zana da ita, an kai ta arewacin Ostireliya a shekarun 1930 don kiwon shanu. Ta samu wurin zama ta bazu, tana kai tsawon mita 4, wutarta kuma ta ninka ta ciyawar ƙasar zafi sau da yawa har tana kashe manyan itatuwa, yanzu gwamnati kuɗi take kashewa don a kawar da ita. A tsibirin Maui na jihar Hawai ta Amurka ma, garin Lahaina da ya ƙone a Agustan 2023, inda mutum wajen 100 suka rasu, kewaye yake da tsofaffin gonakin rake da aka yi watsi da su, ciyawar da aka shigo da ita daga waje, har da ta Afirka, ta mamaye su. A Amazon da Indunusiya kuwa masu sare kurmi don noma da kiwo ne ke banka wutar da kansu, fari ya taya su. Ga kuma gina gidaje a tsakiyar daji, wanda ya zama yayi a Amurka da kudancin Turai.

Babban kuskuren Amurka ma na manufa ne. A 1935 hukumar gandun dajinta ta kafa doka cewa duk wutar da aka gani a kashe ta kafin ƙarfe 10 na safiyar kashegari. Kafin nan ƙabilun asali na ƙasar suna ƙona daji da gangan lokaci-lokaci, ƙaramar wuta ta share ƙirare da ƙananan itatuwa ta bar manya a tsaye. Da aka hana, makamashin shekara da shekaru ya taru, daji ya cushe. Yanzu zafi ya zo ya tarar da wannan tarin.

Wannan ya kawo ni ga mafarautanka da masu sharar gona. Ni ba na cikin masu cewa duk ƙunar daji ɓarna ce. Lokacinta ne abin dubawa. Wutar farkon kaka, sa'ad da ciyawa ke da sauran ɗanyantaka, tana tafiya a hankali, ta ci nan ta bar can, ta mutu da raɓar dare, itatuwa su tsira, kuma wuraren da ta ci su zama shinge ga wutar baya. Wutar Fabrairu da Maris kuwa, wadda ake cinnawa don a kori gafiya da zomo, ita ce ke kashe kaɗanya da ɗorawa, ta bar ƙasa tsirara. A yankin Arnhem na arewacin Ostireliya, tun 2006 aka mayar wa mutanen asali aikinsu na ƙunar wuri a hukumance, ana biyansu, kuma munanan gobarar ƙarshen rani sun ragu sosai a wurin.

Sai dai ita ma wannan dabarar zafi yana matse mata lokaci. Ƙunar wuri tana buƙatar ranakun da daji ya bushe daidai yadda zai kama amma bai bushe yadda zai ƙwace ba, kuma ma'aunin da aka gada don gane waɗannan ranakun ya soma yaudarar masu shi. A Afrilun 2022, a jihar Niyu Meziko, ma'aikatan hukumar gandun dajin Amurka da kansu suka kunna wutar share daji bisa tsari, iska ta ƙwace ta. Ta je ta haɗu da wata da ta tashi daga tarin itacen da suka ƙona tun Janairu, wanda ya kwana yana ci a ƙarƙashin dusar ƙanƙara ba su sani ba. Biyun suka zama gobara mafi girma a tarihin jihar, wajen hekta 138,000, ɗaruruwan gidaje suka ƙone. Binciken hukumar ya ce ma'aikatan sun raina bushewar da dajin ya yi, shugabanta kuma ya dakatar da duk irin wannan ƙuna a dazuzzukan da ke hannunta har kwana 90 don a sake duba ƙa'idojin.